Na'ura ta iso Kurfai, ƙa'idarta ba ta iso ba

Ga cikakken jawabin da aka karanta gaban malaman makaranta, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a garin Filinge.



Maganar yau ta wata ƴar takarda ce wadda ba za ta fi shafi biyu ba, amma rashinta yana iya kai yaro gaban jandarma, ya raba ma'aikaci da aikinsa, ko ya jefa mai dukiya cikin hatsari. Takardar ita ce wadda ke fayyace abin da ya halatta da abin da ya haramta ga mai amfani da wayar salula, kwamfuta da intanet a cikin makaranta da kuma ofishin magajin gari.

Duk wanda ya san Filinge shekaru talatin da suka wuce ya san cewa mai son magana da Yamai sai ya je gidan waya ya jira, ko ya damƙa wasiƙa hannun direban mota, alhali tsakanin garuruwan biyu kilomita 180 ne ko kusa da haka. Salula ta fara yaɗuwa a Nijar bayan da kamfanin Celtel ya kama aiki a 2001. Yau dillali yana ɗaukar hoton bijimin Azawak a kasuwa ya aika wa mai saye a Nijeriya kafin a gama cinikin baki, ɗan ci-rani yana turo kuɗin hatsi daga Abijan ta Nita ko Al Izza, malamin makaranta kuma yana samun sanarwar shugabanninsa ta WhatsApp kafin takardar ta iso. A 2017 gwamnati ta kafa hukumar ANSI domin kula da wannan fanni, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin kai sadarwa ƙauyuka. Kayan dai suna zuwa. Abin da ba ya zuwa cikin kwalin shi ne bayanin wa zai taɓa, don me, kuma wa zai amsa tambaya ranar da aka yi ɓarna.

Irin wannan takarda ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka aka fara ta, tun lokacin da intanet ke hannun jami'o'i: hukumar da ke biyan kuɗin babbar hanyar NSFNET ta shimfiɗa sharaɗin cewa don bincike da ilimi aka yi ta, ba don ciniki ba. Ƴan kasuwa sai su lura, da farko su aka fara korewa daga wannan fage, ga shi yau sun fi kowa cin moriyarsa. A 2000 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin intanet su rubuta manufarsu ta kare yara. A Faransa, inda dokar kare bayanan mutane ta samo asali tun ranar 6 ga Janairun 1978, makarantu da ma'aikatu sun saba haɗa irin wannan yarjejeniya da dokokinsu na cikin gida, kowa ya karanta ya sa hannu. To amma abin da ya dace da Paris ba lalle ne ya dace da Shikal ko Bonkuku ba, kuma babu amfanin kwafo shafi ashirin na Faransanci a ajiye cikin akwatin darekta ƙwari su cinye.

Dalilin gaggawar kuwa shi ne, dokar hukunci ta riga dokar tarbiyya isowa. Ranar 3 ga Yulin 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-33 kan laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri ga ɓata suna, zagi, da yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabu a watan Yunin 2020 saboda rubutun da ta yi a Facebook, ta yi makwanni a gidan kaso kafin kotu ta sake ta a ƙarshen Yuli. A 2022 aka sassauta, aka cire ɗauri ga ɓata suna da zagi. Ranar 7 ga Yunin 2024 sabuwar doka mai lamba 2024-28 ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na Sefa ga ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Mutum yana iya yabon wannan doka, yana iya kushe ta, kuma ƙungiyoyin ƴan jarida sun kushe ta da babbar murya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi kamar babu ita. Ba ta ce sai ɗan jarida ba. Ɗan kwaleji da ya tura hoton abokiyar karatunsa da kalmar batsa a ƙasa, malamin da ya zagi darekta cikin zauren WhatsApp na ma'aikata, sakataren da ya tura saƙon murya na jita-jitar hari ba tare da ya tabbatar ba, dukansu suna iya faɗawa cikin tarkonta. Ko da shari'a ta sassauta wa yaro saboda shekarunsa, ubansa ya riga ya sayar da tunkiya ya sha zirga-zirga. A halin da ake ciki, a makaranta ko ofishin da ba shi da rubutacciyar ƙa'ida, tsakanin "ba komai" da ofishin jandarma babu wani zango. Aikin wannan takarda shi ne ta gina zangon: gargaɗi, kiran iyaye, neman gafara a gaban wanda aka ɓata wa, dakatarwa ta ƴan kwanaki, kafin a kai ga abin da ba ya gyaruwa.

A fara da makaranta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce an hana waya kwata-kwata, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujja. Faransa ta hana ta a firamare da kwaleji da dokar 3 ga Agustan 2018. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 ya ja kunnen ƙasashe da kada su bar na'ura a aji sai inda ta taimaki karatu a fili. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo yana kallon kawuna sun sunkuya ƙarƙashin tebur ba ya bukatar rahoton kowa. A cikin aji, a lokacin darasi, wayar ɗalibi ta kasance a kashe; a ɗakin jarrabawa kuwa babu ma zancenta. Wannan bai kamata ya zama abin jayayya ba.

Sai dai ƙasar Kurfai tana da nata hali. Tun da aka fara kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar Tillaberi a 2017, aka kuma hana hawa babur a farkon 2020, ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar, yara da yawa sun bar ƙauyukansu sun zauna wurin dangi a gari domin su ci gaba da karatu. Ga irin wannan yaro, waya ita ce hanyar jin muryar uwarsa, ita ce fitilar da yake bitar darasi da ita, ita ce kuma za ta gaya masa kada ya biyo hanya kaza yau. Wanda ya ƙwace ta ya kulle har ƙarshen shekara ya hukunta iyaye fiye da yaron. Saboda haka takardar ta faɗi inda ake ajiye waya da safe, wanda ke riƙe da makullin, da sa'ar da ake maido ta. In an karɓe ta don laifi, a rubuta cikin littafi, a ba yaron shaida, a miƙa ta ga waliyyinsa cikin kwanaki ƙidayayyu. Kuma kada wani malami ko mai tsaron ɗalibai ya buɗe ta ya karanta abin da ke ciki. Ikon hana amfani da waya daban, ikon bincikar sirrin mutum daban. Na biyun na alƙali ne.

Akwai wani ɓangare da ake jin nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ƙa'idar da ta ɗaure ɗalibi ta bar malami ba za ta yi kwana biyu da daraja ba. Malamin da ke amsa kira a tsakiyar darasi ya riga ya soke dokar da hannunsa. Malamin da ya ɗauki hoton takardar yaron da ya ci sifiri ya watsa don a yi dariya ya ci amana. Mafi muni shi ne wanda ya karɓi lambar ɗalibarsa da sunan aikin gida, ya koma yana aika mata saƙo da tsakar dare. A yankin da ake fama da iyaye kafin su bar ƴa mace ta wuce firamare, labari guda irin wannan ya isa ya kwashe ƴan mata goma daga kwaleji, kuma babu wani taron wayar da kai da zai maido su. A rubuta ƙarara: saƙon malami ga ɗalibai ya bi ta zauren da darekta da wakilin iyaye ke ciki, a sa'o'in da aka sani, ba ta bayan fage ba. Wannan kariya ce ga yarinya, kariya ce kuma ga malamin kirki daga ƙazafi. A gefe guda, adalci ne a tuna cewa yawancin aikin makaranta da ake yi ta waya, da wayar malamin ake yin sa, da kuma kuɗin aljihunsa, har da ƴan kwantaragi da albashinsu bai taka kara ya karya ba. Hukumar da ke son umartar mutum ya aiko da sakamako ta intanet sai ta faɗi wa zai biya kuɗin.

Wa zai rubuta? Ba sai an jira minista ba. Tun 2005 aka bazu da kwamitocin kula da makarantu a faɗin ƙasa, waɗanda aka sani da COGES, daga baya CGDES, inda darekta, malamai, iyaye maza da ƙungiyar uwaye ke zama tare. Kwamitin da ke iya tara kuɗin rumfar zana yana iya zama yini guda ya tsara shafi biyu.

Yanzu sai ofishin magajin gari, inda hatsarin ya fi girma kuma aka fi yin shiru. Tun zaɓen 24 ga Yulin 2004 ƙananan hukumomi suka tsaya da ƙafafunsu, dokar 17 ga Satumban 2010 ta tsara aikinsu, a 2016 kuma aka miƙa musu wani rabo na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Gundumar Filinge, bayan da Abala da Baleyara suka zama gundumomin kansu a 2011, ta rage da ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya. A tambayi kai, me ke cikin na'urar irin wannan ofishi? Akwai rajistar haihuwa, aure da mutuwa. Akwai sunayen masu biyan haraji gida-gida. Akwai jerin masu rumfa da abin da kowa ke biya. Akwai takardun filaye da gonaki. Akwai sunayen waɗanda aka ba taimakon hatsi, da na waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu, da garin da kowa ya fito. A da, mai son satar wannan sai ya zo da amalanke ya kwashi littattafai. Yau ɗan ƙarfen nan da ake kira kile, wanda bai kai ɗan yatsa ba, ya isa ya ɗauke duka cikin minti biyu, ko kuwa a ɗauki hoton shafi da waya a tura.

A wata ƙasa, in irin wannan jeri ya fita, abin da zai biyo baya tallace-tallace ne na banza. A jihar da ƴan bindiga ke karɓar abin da suke kira zakka a kan dabbobi, suke farautar masu gari da duk wanda suka zarga da aiki da hukuma, takardar da ta nuna wane yana da kaza, wane ɗansa ma'aikaci ne, wane ya baro ƙauye kaza ya sauka a unguwa kaza, tana iya zama sanadin ajalin mutum. Ma'aikacin da ya tura ta ga abokinsa don ya taya shi gyaran lissafi bai yi nufin sharri ba, amma magana zarar bunu ce, saƙon waya kuwa ya fi ta wuyar maidowa.

Doka ba ta yi shiru a nan ba. Tun ranar 3 ga Mayun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, wadda doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamban 2022 ta maye gurbinta, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Ma'anarta a taƙaice: bayanin da aka karɓa don wani dalili ba a juya shi ga wani dalilin, wanda ya tara shi shi ke da alhakin tsare shi, mai bayanin kuma yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa ya nemi gyara. Amma dokar da ke cikin jaridar gwamnati a Yamai ba ta gaya wa ma'aikacin rajista abin da zai yi ranar Litinin da safe. Ƙa'idar cikin gida ce za ta gaya masa: kowa da lambar sirrinsa, ba lamba ɗaya da aka manna a jikin bango har mai shara ya haddace ba; ba a kai kwamfutar ofis gida yara su kalli fim; ba a kai ta wurin mai gyara a kasuwa da rajistar gari a cikinta; ba a aika jerin sunaye ta zauren da mutum hamsin ke ciki; kuma kowane mako a adana kwafi a wuri na biyu, domin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ba su san darajar takardar haihuwa ba.

Sai batun gado. Ranar 4 ga Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya, aka naɗa kantomomi. Sauyin hannu irin wannan ya faru a baya, zai kuma sake faruwa, ko ta zaɓe ko ta naɗi. A duk lokacin da ya zo, akan ƙidaya motoci, kujeru da hatimi. Wa ke ƙidaya lambobin sirri? In adireshin saƙon ofis da shafinsa na Facebook an buɗe su da sunan wani mutum da lambar wayarsa, ranar da ya tafi ya tafi da muryar hukumar a aljihu. Waɗanda suka ga shekarun farko na siyasar jam'iyyu bayan Taron Ƙasa na 1991 sun tuna yawan ce-ce-ku-ce kan motar gwamnati da ke zuwa yaƙin neman zaɓe. Kwamfuta da na'urar buga takardu su ne motar wannan zamani, da bambanci guda: mota kowa yana ganin ta a hanya. Dukiyar da harajin kowa ya saya ba ta buga takardar jam'iyya, ba ta buga katin biki, kuma jerin masu karɓar taimako ba ya zama jerin masu kaɗa ƙuri'a.

Ƴan kasuwa kada su ce wannan rigimar ma'aikata ce. Sunayensu ne a cikin na'urar. Su ne kuma za a fara damfara da saƙon ƙarya mai cewa a turo kuɗin haraji ta lamba kaza. Ya kamata su nemi a rubuta, a kuma manna a ƙofar kasuwa, hanyoyin da hukuma ke karɓar kuɗi da irin rasiɗin da take bayarwa, ta yadda duk saƙon da ya saɓa wa wannan an san na ɓarawo ne ko daga ina ya fito.

To amma fa akwai rami a ɗaya gefen, kuma ya wajaba a nuna shi. Takarda irin wannan tana da sauƙin juyewa ta zama takunkumi. Shugaban da ba ya son a san yadda aka kashe kuɗin gina aji zai yi murna da layin da ya ce an hana fitar da kowane bayani. Nan ne za a tsaya a rarrabe. Sirrin talaka daban, sirrin shugaba daban. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, shawarwarin da ta yanke, wanda ya ci kwangila da nawa, waɗannan na jama'a ne, kuma dokar 23 ga Fabrairun 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Ƙa'idar da ta ɓoye waɗannan ta saɓa wa doka. Haka nan ma'aikacin da ya ga sata ya kai wa hukumar da ta dace, bai kamata a kama shi da laifin taɓa na'ura ba. Idan kuma ofis zai riƙa duba abin da ake yi da kwamfutarsa, a gaya wa ma'aikata tun farko, a faɗi wa ke dubawa, kuma magajin gari ko kantoma ya fara sa hannu kafin masinja.

Ƙasar nan tana da tarihin da ya isa darasi kan hani maras bayani. A 1925, lokacin da Shibo ta Shikal da mabiyanta suka fito da abin da aka sani da Hauka ko Babule, Turawan mulki ba su nemi fahimta ba, sai kamu da ɗauri. Abin bai mutu ba; ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas. A zamanin nan ma, da aka yanke intanet ta salula kwana goma daga 24 ga Fabrairun 2021 bayan zaɓen shugaban ƙasa, mai saye da sayarwa ya ji a jikinsa, jita-jita kuwa ta ci gaba da tafiya da ƙafa.

Saura harshe. Takardar da uwa ba za ta fahimta ba ba ta ɗaure ɗanta a zuciyarta. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma a wannan gunduma akwai mai jin Zabarmanci, da mai jin Buzanci, da mai jin Fillanci, kuma da yawa cikinsu ba sa karatun boko. A rubuta da Faransanci don ajiya in an so, amma a karanta ta da baki cikin harshen mutane: a taron iyaye na buɗe makaranta a watan Oktoba, a gidan rediyon gari, a fadar sarki gaban masu gari, a kasuwa ranar da ta ci. A sa mata ranar sake dubawa bayan shekara guda, domin na'urar da aka rubuta ƙa'ida dominta bana ba ita za a tarar baɗi ba. A ƙasan shafi na biyu kuma a rubuta muƙamin mutum guda, a makaranta da a ofis, wanda yarinyar da aka tura wa saƙon banza ko ɗan kasuwar da ya ga sunansa yana yawo zai je wurinsa, da adadin kwanakin da aka ba shi ya ba da amsa.